Inda Ruwanmu Ke Kwana

"Mama, shi Kawu Tonderai ba ya kashi ne?"

Lomar sadza, tuwon masararmu, na hannuna, na kasa kai ta baki, na kasa mayar da ita faranti. Tete Miriro, yayar babana, ta ƙware da lemo har sai da ta dafe ƙirjin jar rigarta ta zumuntar mata, don daga coci kai tsaye gidana ta yo. Shi kuwa wanda ake tambaya a kansa yana zaune daf da taga cikin farar riga da ta sha guga. Ya jingina wayarsa da kwalbar yaji, wayar na ta nuna mana wani ɗan ɗaki na gilashi da tururi ke tashi a ciki, fitilu na sauya launi daga shuɗi zuwa kore.

"Shamiso! A kan abinci?"

"To ai cewa ya yi zai cire baho." Ta juya ta kafe shi da idanun nan na ubanta, waɗanda ba sa ƙiftawa sai sun sami amsa. "In ka cire, da wane ruwa za mu riƙa kora bayan gida? Kai ban taɓa ganin ka shiga ba."

Tonderai ya yi dariya har da buga tebur. Ina son dariyarsa, bari in faɗa tun yanzu, kada a ce daga baya na ɓoye.

"Ranki ya daɗe, ina yi," ya ce. "A gida nake gamawa kafin in zo."

"Wannan bakin ba namu ba ne," in ji Tete, tana share hawayen tari da bakin ɗankwali. "Daga can wajen ubanta ta kwaso shi."

Ga waɗanda yau suka fara leƙo shafin nan: sunana Vongai, a unguwa kuma Maman Shamiso. Ina koyarwa a wata firamare nan unguwar Mabelreign. Mijina Edmore ya rasu Shamiso na koyon tafiya, ga ta yanzu har ta shiga aji, ta iya kunyata ni a gaban baƙi. Ya bar mu a gidan nan da muka haɗa ƙarfi muka saya: ɗakuna uku, jan daɓe da nake gogewa har ya riƙa ɗaukar ido, bishiyar fiya a baya, da bayi guda ɗaya mai tsohon bahon ƙarfe, irin dogon nan da mutum ke miƙe ƙafa a ciki.

Sai dai ba mai miƙe ƙafa a namu. Kun dai san halin famfon garin nan. Ranar da ya ga dama ya yi tari, ya tofo jan ruwa, ya ɗan zuba, ya ɗauke, sai kuma wani satin. In ya zo, baho ake fara cikawa. Daga nan muke ɗiba mu kora bayan gida, mu yi wanki, mu ɗumama na wanka a tukunya. Shamiso kan ce a nan ruwanmu yake kwana. Tun tana rarrafe na sa aka buga wa ƙofar sakata can sama inda hannunta ba ya kai, kuma har gobe ba ta shiga sai ina tsaye.

Tonderai bara ya dawo daga Leeds ta ƙasar Ingila, bayan ya daɗe can yana jinyar tsofaffi, ya zo ya buɗe harkar motocin ɗaukar kaya. A bikin wata 'yar cocinmu muka haɗu. Ina rabon abinci, ya yi ta dawowa layi, har na ce masa shinkafa ta ƙare, ya ce shi dama ba shinkafar ke dawo da shi ba. Mutum ne mai natsuwa. In zai yi wa Shamiso magana sai ya tsuguna. In ya gaida Tete sai ya sauke hula ya tafa hannu a hankali, Ingila ba ta goge masa wannan ba. Falo ne kuma iyakarsa a gidana, wai ba zai taka ciki ba sai an yi magana da manya. To kun ga 'yata ba ƙarya ta yi ba. Sannan tun da ya dawo, a gidan yayarsa yake zaune a Borrowdale, inda akwai rijiyar burtsatse da sola, inda in ka murɗa famfo ruwa ke fitowa maimakon iska. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani a gaba.

Lahadin nan da nake ba ku labari, saura Asabar biyu wakilinsa ya je wurin iyayena maza a buɗe maganar aure. Shi ne ya ce kafin nan yana so ya yi mini kyauta: a fasa baho, a sa shawar tururi.

"Tsaya, ɗana," in ji Tete, ta jawo wayar gabanta. "Wato sirace ne ba bargo?"

"Shi ne, Tete. Ki shiga, ki zauna, ki danna."

"Oh ni Miriro! Ni da nake shiga ƙarƙashin bargo da tukunyar ganyen zumbani, in fito kamar kazar da aka tsoma za a fige!"

"Har da wurin zuba ganyen aka yi masa."

"Kin ji ko, Vongai? Har da wurin ganye."

Ya juyo gare ni, ya sassauta murya. "Kin ce duk sanyin Yuni ƙirjin Shamiso na kama ta. Na tuna da wannan. Kuma abu ne da ke ɗaga darajar gida."

Maganar ƙirjin ta shige ni, ba zan musa ba, don a nan ƙasar Yuni ne tsakiyar sanyi. Uwar da ta taɓa zama tana sauraren numfashin ɗanta na fita da ƙyar ta san abin da nake nufi. Ta darajar gidan kuwa na ji ta, na bar ta ta wuce kamar motar da ba unguwarmu za ta ba.

"Ruwa fa?" na ce. "Wuta fa? Abin nan da iska yake aiki?"

"Chihera!" Tete ta daka mini tsawa. Haka ake kiran mu matan zuri'armu, kuma in an kira mu da shi ba yabo ake ba, taurin kai ake nufi. "Namiji ya kawo miki alheri, ke kina tambayar famfo. Mata nawa ne a garin nan da 'ya a hannu suke samun mai cire musu hula?"

Na kai lomar baki. Shamiso dai ba wanda ya amsa mata tambayarta.

Washegari a lokacin tara na tura wa Primrose hoton abin. Ƙawata ce tun makarantar kwana, yanzu dillancin gidaje take, kullum cikin takalmi mai tsini da makullan mutane a jaka.

Na rubuta: "Duba abin da mutuminki zai sa mana."

Ba a jima ba ta amso: "Kai! Ya yi kyau. Yaushe za ki sa shi a kasuwa? Kada ki kuskura ki ba wata."

"Me zan sa a kasuwa?"

"Gidan mana."

"Wa ya ce miki sayarwa zan yi?"

Ta turo fuskar nan mai ɗage gira. Sai kuma saƙon murya, ina jin ƙarar titi a bayanta:

"Vongai, ki ji da kyau. Wanda zai zauna a Mabelreign ba ya cire baho. In na kai mai iyali duba gida, mijin na can yana buga bango yana tambayar rufi, matar bayi take fara leƙawa. In ba baho, sai ki ga ta ja hannun mijinta, ko kicin ba za ta duba ba. Gida mai bayi ɗaya in kika cire masa baho, kin kori rabin masu saye. Masu sa irin wannan gilashin, 'yan waje suke yi wa kwalliya, waɗanda ke sayen gida ta waya daga Ingila. Su hoto suke saye. Ba su taɓa kwana da famfonmu ba."

Na rubuta mata: "Shi ma ɗan wajen ne, bai sani ba ne kawai."

"To Allah ya sa," ta ce, ta haɗa da hoton zuciya.

Na kife wayar na koma aji. Na yarda da abin da na rubuta, har cikin raina.

Ranar Laraba da la'asar zauren unguwa na waya ya ɗauka: RUWA YA ZO! RUWA YA ZO! Na baro littattafan yara a kan tebur na tari kombi, ƙaramar motar hayarmu, ban ko cire takalmin makaranta ba na faɗa bayi. Na bari jan ya wuce, na danna baƙar robar da ke toshe bahon, na tsaya a kai har ruwa ya kai layin tsatsan nan da yake tsayawa. Na cika bokitai, na cika tukwane, har butar shayi. Kafin gari ya waye famfo ya koma shaƙar iska. Ban damu ba. Bahona a cike yake, ni ma hankalina a kwance.

Asabar da hantsi Tonderai ya zo da abin awo a aljihu, da wata farar rigar, da takalmin fata mai laushi wanda bai san ƙasa ba. Tete ta riga shi zuwa, don ba za a ce namiji ya shiga cikin gidana ba babba a wurin ba. Ya tsaya a bakin barandar ciki yana murmushi kamar yaron da aka ba izinin shiga ofishin hedimasta.

"Ƙofa ta biyu a hagu," na ce. "Sakatar na sama."

Na koma baya ina shanya kayan makarantar Shamiso, Tete na zaune a inuwa tana yanka ganyen miya a tire, Shamiso na tsince mata masu tsutsa. Muna hira, Tete na lissafa mini wanda zai zauna a ina ranar Asabar mai zuwa, da zanen da ya kamata in ɗaura, wai kada in sa wannan kore mai ganye, yana sa ni kama da labule.

Sai na ji ƙarar.

Duk macen da ta taɓa riƙe gida a garin nan ta san ta. Ƙarar nan ce ta ƙarshe, wadda magudana ke yi in tana zuƙe ragowar ruwa, kamar tsoho na shan kunu da zafi. Rigar da ke hannuna ta faɗi ƙasa. Ban san lokacin da na tsallake tiren Tete ba.

Yana tsaye ya ba bahon baya, yana auna taga. Baƙar robar na ajiye a gefe da 'yar sarƙarta, an ma naɗe sarƙar tsaf. Bahon kuwa fari fat, sai wani ɗan zaren ruwa da ke bin ramin.

Ruwan satinmu.

"Na tarar an bar ruwan wanka a ciki," ya ce, ko juyowa bai gama ba. "Na ce bari in zubar miki, hoton ma zai fi fita."

Shamiso ta kutso ta ƙarƙashin hannuna. Ta leƙa bahon, ta dube shi.

"Ya kashe mana ruwa," ta ce.

A nan fuskarsa ta sauya. Ya dubi bokitan da ke jere a bango, ya dubi kofin ɗiba da ke rataye a kan famfo, ya murɗa famfon. Famfo ya yi masa huci. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, kuma da a nan maganar ta tsaya, da na yafe kafin ya buɗe baki. Kuskure ne na wanda ya daɗe ba ya gida.

Amma kunnena ya riƙe wata kalma.

"Shamiso, je ki ɗauko rigarki da ta faɗi." Na jira ta fita. "Wane hoto?"

"Na'am?"

"Ka ce hoton zai fi fita. Mai aiki awo yake buƙata, ga shi kana yi. Hoton na wane ne?"

Bai dube ni ba. Bayana ya duba, inda Tete ta iso tana haki da wuƙar yanka ganye a hannu. Ita ma shi ta duba. Wannan kallon da suka yi wa juna, 'yan'uwa, ya fi zubar da ruwan ciwo.

"Na ɗauka Tete ta gaya miki," ya ce.

"Ni?" in ji Tete. "Ni na ɗauka kai ka gaya mata! Kai ne kake hira da ita a waya har kunnenta ya yi zafi."

"A gaya mini me?"

Tete ta gyara tsayuwa, ta nuna ni da wuƙar, sannan ta tuna ta sauke. "Ke ma dai, Chihera, kamar ba a ƙasar nan aka haife ki ba. Namiji da gemunsa zai tare a gidan mamaci? Ya kwanta a ɗakin wani, ya rataya wandonsa a ƙusar wani? Ai ko a mashaya ba za a bar shi ya sha ruwa ba. Abu ne da kowa ya sani, shi ya sa ba wanda ya tsaya faɗa."

"Vongai, ki saurare ni," ya ce. "Wasu mata da miji ne da muka yi aiki tare a Leeds. Suna neman gida a nan. Na nuna musu wajen, sun so shi, matar ce ta ce sai dai bayin ya tsufa. Ko sisi ba na so a ciki, na rantse. Duk abin da aka samu da sunan Shamiso za a ajiye, na karatunta. Nawa gidan na Norton an riga an yi rufi. Akwai ɗakinta, har na tambaye ta launin da take so."

Ruwan hoda. Na tuna ranar da ya tambaye ta, ina jin su daga kicin ina murmushi, ashe ni ce ban san da me ake magana ba.

Zan gaya muku gaskiya, na yarda da shi. Tonderai ba ɓarawo ba ne. Da ɓarawo ne da aikin ya yi mini sauƙi, in nuna masa ƙofa in koma shanyata.

"Ƙirjin Shamiso fa?" na ce. "Sanyin Yuni?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yi niyyar sa irinsa a Norton ma."

"Ku biyo ni."

Na kai su bayan gida, gindin bishiyar fiya. Na aiki Shamiso maƙwabta ta kai aron tsintsiyar da ba wanda ya nema.

Tete ta san abin da zan faɗa, shi ya sa ta kau da kai. Lokacin da Edmore ya zo neman aurena ita ce ta fi kowa ƙi. Kakansa daga Malawi ya zo aikin gona, ubansa a bariki aka haife shi, shi kuma a Mbare, tsakiyar birni. In Kirsimeti ta zo kowa ya ɗaure kaya ya nufi ƙauyensu, su Edmore ba inda za su. "Mutanen da ba su da ƙauye," haka Tete ke ce musu. "In kin haihu, ina za a binne cibiyar ɗan? A tashar mota?"

"Ranar da cibiyar Shamiso ta faɗi," na ce wa Tonderai, "Edmore ya naɗe ta a tsumma, ya ɗauki fartanya, ya zo nan. Ina tsaye a tagar can da jaririya a kafaɗa. Da ya gama ya dawo da ƙasa a gwiwarsa, ya ce mini, to Vongai, yau 'yata ta yi ƙauye."

Na nuna masa gindin bishiyar.

"Kai kana da ƙauyenku, Gutu. Ni ina da Murehwa. In duniya ta yi mana zafi, kowannenmu ya san motar da zai hau. Ita nan ne nata, daga katangar can zuwa ƙofar can. Ba na sayar da ƙauyen yarinya, ko da me za a saye shi, balle ga mutanen da ba su san ranar da ruwa ke zuwa ba."

"Ban sani ba," ya ce a hankali.

"Ba ka tambaya ba. Da ka zo ka ce, Vongai, ba zan iya kwana a ɗakin Edmore ba, da na fahimta. Da mun zauna. Akwai haya, akwai sauya ɗaki, akwai abubuwa da yawa da masu hankali biyu za su iya. Amma kai da Tete kun gama yanke hukunci, ni aka kawo mini fitilu masu launi."

"Don alherinki ne," in ji Tete.

"Na sani, Tete. Shi ya sa ban ɗaga murya ba." Na juya na ɗauki kwandon shanyata. "Yanzu dai ku ba ni wuri. Ina da yarinya, ina da bayan gida, ba ni da ruwa."

Na ɗauka tafiya zai yi. Sai na ji yana tambayar Tete inda nake ajiye jarkoki.

Ya kwashe su duka ya zuba a bayan mota, har da na maƙwabta da Shamiso ta nuna masa. Burtsatsen unguwarmu na bayan shaguna, kuma ranar Asabar layinsa sai wanda ya gani. Ba a daɗe ba wayata ta fara tsalle a kan firji. Zauren unguwa ne. Wata ta ɗauko hotonsa daga baya, yana tsaye tsakanin mata masu goyo, jarka a kowane hannu.

"Jama'a, wannan ɗan gayun na gidan wa?"

"Na Maman Shamiso ne. Ku bar shi, gwaji ake masa."

"A ce masa ba a tsallake layi ko da Turancin Ingila."

"Yana buga famfon kamar yana gaishe shi. Wata ta nuna masa!"

"Maman Shamiso, in bai ci jarrabawa ba ki turo mana shi."

Ban amsa ba. Amma na zauna na buɗe hoton na daɗe ina kallo, ba zan yi muku ƙarya ba.

Ya yi ta sawu har rana ta karkata. Farar riga ta koma ja, takalmin nan mai laushi ya zama abin tausayi, tafin hannunsa ya tashi. Duk zuwan da zai yi, Shamiso na tsaye a ƙofar bayi ta riƙe ƙugu kamar mai duba aikin hanya.

"Bai kai layi ba."

"Yanzu fa, ranki ya daɗe?"

"Saura kaɗan. Kada ka zubar a ƙasa, Mama ta goge."

Da ruwa ya taɓa layin tsatsa, ita da kanta ta ce ya isa. Sannan ta nuna masa robar. "Wannan ba a taɓawa. Ko ni ba na taɓawa."

"Na ji, na kuma kiyaye," ya ce.

Na raka shi bakin ƙofa. Tete na falo ta haɗe rai, ta ƙi shan shayin da na haɗa mata.

"Asabar fa?" ya ce. "Wakilina ya riga ya kai kwat ɗinsa guga."

"Ka ce ya rataye shi tukuna."

"Vongai."

"Ka cika baho, na gode, har raina. Ruwa ka mayar. Maganar gidan na nan inda ka bar ta. Ka fara kiran mutanenka na Leeds ka ce musu ba na sayarwa ba ne. Sannan ka zauna ka tambayi kanka ko za ka iya auren macen da ta zo da 'ya, 'yar kuma ta zo da ƙauyenta. In ka sami amsa, ni za ka fara gaya wa. Ba Tete ba."

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. "Abokaina za su ci namana ɗanye."

"Matan layin burtsatse ma sun ci, ga ka a tsaye."

Ya yi 'yar dariya, ba irin ta ranar Lahadi ba, ya shiga mota.

Da na koma ciki Tete ta riga ta rataya jaka. "Za ki tsufa da baho, Chihera. Shi zai ɗebe miki kewa?"

"Shi dai bai taɓa ƙulla magana a bayana ba, Tete."

Ta yi tsaki, ta kai ƙofa, ta dawo ta shanye shayin a tsaye, ta ce sukari ya yi kaɗan.

Yau da safe ina ɗaure wa Shamiso gashi za mu coci, saƙonsa ya shigo. Na farko: "Na kira Leeds. Na gaya musu." Na biyu hoto ne, ba gilashi, ba fitilu. Wani ƙaton koren tankin ruwa ne a kan ƙafafun ƙarfe. A ƙasa ya rubuta: "A wane gefen tsakar gidan zai fi zama? Na san dai ba kusa da bishiyar ba."

Zuciyata ta yi wani irin tsalle, har Shamiso ta ce na ja mata gashi. Tanki abin mai zama ne. Mutumin da ya sha layin burtsatse ne kawai zai yi tunaninsa. Sai dai ni ƙawar Primrose ce, na san tanki ma yana ɗaga darajar gida, ya ma fi gilashin nesa ba kusa ba.

Don haka na rubuta masa abu ɗaya: "Wa zai sha ruwan?"

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɗauke. Ta dawo, ta sake ɗaukewa. Na jefa wayar a jaka, na duba sakatar bayi, na kama hannun 'yata muka fita. Ko me zai rubuto, gidan na nan, bahon a cike.

Ke kuma 'yar'uwa da kike karanta wannan da yaro a cinya, ki ji ni da kyau. Duk ranar da namiji ya ce zai gyara miki gida, komai kyawun hoton, komai daɗin dariyarsa, kada ki bari a ɗaga guduma sai kin dube shi ido cikin ido kin tambaye shi wanda zai yi wanka a ciki. In ya dubi bayanki kafin ya amsa, ki sa ƙafa ki take robar bahonki.